Golan Masaƙa

Ranar Asabar da ta wuce maigidana ya dawo daga motsa jiki yana ɗingishi, ya ce in miƙo masa man zafi. Ina buɗe kwalbar warin ya daki hancina, sai ga ni a tsakar gidan hayarmu na bayan Bompai, ina 'yar shekara tara, riƙe da murfin kwalba, Baba na zaune a tabarma yana murza kafaɗarsa.

Idan ba ka zauna unguwar ma'aikata a wancan zamanin ba, da wuya ka gane yadda jiniyar kamfani take juya rayuwar mutane. Ita ke tashinmu, ita ke gaya wa Inna lokacin ɗora tukunya. In ta yi kukan yamma titi ya cika da kekuna, mutane na fitowa da burbushin auduga a kai da gira, kamar a yini ɗaya suka yi furfura. Baba a sashen rini yake a wata babbar masaƙa, shi ya sa hannuwansa ba su taɓa zama da launi ɗaya ba, wannan makon shuɗi, mako mai zuwa kore. Amma a unguwa ba wanda ya san shi da rini. Golan masaƙa ake ce masa.

Kusan kowane kamfani yana da ƙungiyar ƙwallonsa a lokacin, daga majemun Challawa har masu roba na Sharada. 'Yan wasan duk ma'aikata ne. Abin da aka fifita su da shi bai wuce a sallame su da wuri ranar atisaye ba, a ba su burodi da madarar gwangwani. Sau da yawa Baba ba ya shan tasa, a aljihu yake kawo mana.

Mutum uku ne a ƙungiyar suka zama kamar 'yan gidanmu. Akwai mai lamba tara, wanda ɗakinsa ke kallon namu, muna ce masa Kawu. Mutumin kudancin Kaduna ne, gajere mai kaurin cinya, ga surutu ga dariya. Ranar Lahadi da safe yana coci, da yamma yana fili. Matarsa da Inna murhu ɗaya suke amfani da shi. Akwai mai tsaron baya, wani dogo daga Damagaram, wanda zai yini a ƙofar ɗakinmu bai yi magana goma ba. Sai koci, dattijo ne, foman a ɓangaren injuna, kullum da usur a wuya ko da biki ya je.

Wata rana da damina, rana tsaka, Kawu ya shigo gida yana jan Baba a hannu. An naɗe wa Baba rabin fuska da bandeji. Ruwan sinadarin rini ne ya fantsamar masa a idon hagu. An wanke a asibitin kamfani, an ɗiga magani, aka ba shi hutun mako biyu. Jan ya washe, kumburin ya saɓe, in ka kalle shi ba za ka ga komai ba. Amma ni na ga ranar da ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi ya kama iska. Inna ma ta gani. Ta ja ni bayan ɗaki, ta riƙe kunnena ba da zafi ba, ta ce abin da na gani kada ya fita daga bakina, ko ga ƙawata. In manaja ya ji, aikin ma sai ya gagara, balle raga.

Baba bai ɓoye wa mutanen nan uku ba. A tabarmar ƙofar ɗakinmu ya gaya musu bayan la'asar, ina wanke kwanuka a gefe. Ya ce hazo kawai yake gani da idon, a nemi wani golan tun kafin ya ja wa ƙungiya abin kunya. Koci ya daɗe yana juya usur ɗinsa a hannu. Can ya ce gasar kamfanoni ta riga ta yi nisa, kuma rabin Baba ya fi duk wanda zai iya samowa. Mutumin Damagaram ne ya rufe zancen. Ya ce, "Ka kula da dama. Hagu nawa ne."

Haka suka yi. Duk wasa dogon nan ba ya nisa da hagun Baba, in ƙwallo ta taso ta can ya yi masa magana da ƙarfi. 'Yan kallo suna cewa mai tsaron bayan nan ya koyi surutu. A haka suka kai wasan ƙarshe, su da ƙungiyar wata majema ta Challawa.

'Yan mata ba su cika zuwa fili ba, amma ran nan matar Kawu ta roƙi Inna ta tafi da ni. An yi ruwa da safe, ƙasa na ƙamshi, ciyawar bakin fili ta jiƙa mini zane. Mutane har kan katanga da rassan darbejiya. Kafin hutun rabin lokaci Kawu ya zille wa mutum biyu ya jefa ƙwallo a raga, matarsa ta ɗaga ni sama har ɗankwalinta ya faɗi. Baba ya yi ta kaɗe ƙwallaye, rigarsa ta koma launin taɓo. Ana dab da tashi aka bugo ƙwallo daga kwanar hagu. Na ga Baba ya juya kai yana neman ƙwallon, bai same ta ba. Ta wuce shi. Sai dogon nan ya yi tsalle ya sa kai ya fitar da ita, goshinsa ya haɗu da ƙarfen raga. Da alƙalin wasa ya busa tashi, shi yana zaune a ƙasa jini na bin fuskarsa. Kowa ya ruga wajen kofi, Baba ya ruga wajensa.

Washegari wasu mutum biyu suka zo a mota, daga wata babbar ƙungiya ta Ikko. Sun kalli wasan, suna son gola da lamba tara. Suka yi maganar gida da albashi da tafiye-tafiye, har yaran unguwa suka cika zaure. Baba ya saurare su har ƙarshe, ya yi godiya, ya ce iyali sun yi masa nauyi, ba zai iya barin Kano ba. Inna na bayan labule, hawaye na zuba.

Bayan sun tafi Kawu ya tsugunna gaban Baba yana roƙonsa su tafi tare, ya ce in sun isa za a san dabara. Baba ya ce, "A nan kun sani, kuka yarda. Su ba su sani ba. Ba zan ci abincin mutane da ido ɗaya ina ce musu biyu ne ba."

Unguwa kuwa ta yanke hukuncinta. Aka ce Inna ce ta hana shi, ta ƙi mijinta ya ci gaba. A bakin famfo ake yada mata magana, a gidan suna ake kallonta a taɓe baki. Sau ɗaya na buɗe baki zan rama mata, ta harare ni na haɗiye.

Kawu ya tafi. Kakar wasa uku ya buga a can, kuma duk ranar wasansu gidan hayarmu kan taru a gaban rediyon Baba. In mai sharhi ya ambaci sunansa, Baba kan buga cinya ya ce ai ya san ta inda zai bi. A kaka ta huɗu gwiwarsa ta goce, aka yi aiki bai yi kyau ba. Ya dawo da akwati ɗaya da sanda. Baba kuwa kaka ɗaya ya ƙara a raga bayan kofin nan, sannan da kansa ya miƙa safar hannunsa ga wani sabon gola. Koci ya rasu masaƙa na aiki, kuma ina ganin an yi masa gata, don bai ga lokacin da aka fara rage ma'aikata ba, wuta ta yi ƙaranci, injuna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya har aka sa kwaɗo a ƙofa. Baba ya koma rina wa matan unguwa kaya a ƙofar gida. Kawu ya yi dako, ya yi gadi, daga baya ya samu adaidaita sahu. Mutumin Damagaram ya yi shekaru yana gadin wani sito a Sharada, sannan ya koma gida noma. Da labarin rasuwarsa ya zo, Baba ya hau mota ya je har can gaisuwa. Ya ce yaran gidan ba su ma san mahaifinsu ya taɓa buga ƙwallo ba, a zatonsu tabon goshinsa faɗuwa ce daga keke. Baba ya zauna ya ba su labarin tun daga farko.

Ranar sadakar ukun Inna, mutanen tsohuwar unguwarmu sun zo da yawa. Bayan an shafa addu'a Baba ya ce a dakata. Ya ce, "Baiwar Allah nan ba ita ta hana ni tafiya Ikko ba. Idona ne ya mutu, ta rufa mini asiri, kuka zage ta shekara da shekaru, ni kuma na yi shiru. Ku yafe mata, ku roƙa mini ita ma ta yafe mini." Wata tsohuwa da na sani da baki a bakin famfo ta ja mayafi ta rufe fuska.

Yanzu Baba yana gidan ƙanena a Na'ibawa, ɗaya idon ma ya tafi. Kwanaki na bi ta Bompai na leƙa filin. An kewaye shi, tireloli ne a jere a inda ragar take. 'Ya'yana sun haddace sunayen 'yan wasan Turai har da masu zaman benci, amma in na ce musu kakansu ya taɓa cika fili da mutane, murmushin ladabi kawai suke yi. Ba na ganin laifinsu. Ba jarida, ba bidiyo, abin da ya rage yana bakin waɗanda suka gani, mu kuma muna ƙarewa.

Duk Asabar Kawu kan taso daga Zawaciki a adaidaitarsa, ya zauna kusa da Baba da waya a hannu, yana kallon wasa yana faɗa masa abin da ke faruwa, suna musu kamar su ne a filin. Zuwana na ƙarshe na tarar suna lissafa mutanensu sha ɗaya, wane ya rasu, wane ma ya rasu. Kawu ya naɗe yatsunsa, ya ce, "Gola, saura mu biyu. Ko ɗan canji ba mu da shi."

Baba ya laluba ya kamo hannunsa. Ya ce, "To, Asabar mai zuwa kada ka makara."