Soron Ƙasa a Fatakwal

Ni haihuwar Anaca ce, can kudu, unguwar Hausawa ta kusa da kogi, kuma abin da ɗan Anaca yake fara sani tun yana rarrafe shi ne ruwan sama. Mun bar garin lokacin da rikici ya tashi, da iya abin da hannu zai ɗauka, kuma gidan mahaifina ban ƙara saka shi a idona ba. A arewa na yi aure da wani mahauci, na haifi 'yata ta fari. Yaƙin basasa bai gama lafawa ba maigidana ya ji ana neman nama a Fatakwal, ya tattara mu muka gangaro.

Gidaje kam ga su nan layi-layi, kulle da kwaɗo, masu su sun gudu. Wasu gidajen sojoji sun shiga, wasu kuma masu uwa a gindin murhu. An yi wa maigidana tayin guda ɗaya, ya dawo yana murmushi, na ce masa ba da ni ba. Wadda aka kora daga ɗakin uwarta ba za ta je ta shimfiɗa tabarma a ɗakin wata korarriya ba. Ya san halina, bai ja ba. Muka kama haya a unguwar Mayil Wan, ɗaki ɗaya a irin gidajen nan da ƙofofi ke kallon juna, banɗaki ɗaya ga kowa da kowa. Da yaƙi ya ƙare mutane suka yi ta kwararowa, kuɗin haya ya zama sai yadda mai gida ya tashi da safe. Ran da ya tashi da fushi ya ƙara, ran da ya tashi da fara'a ma ya ƙara.

A cikin wannan hali surukina ya iso. Surukata ta rasu, ya rage shi kaɗai a ƙauye, ɗansa ya aika masa ya taho. Baba magini ne, dogo, mai manyan tafukan hannu duk sun tsattsage, kuma a ƙasarsu babu soron kirki da bai taɓa hannunsa ba. To, ina za a sa shi? Suruki ba ya kwana ɗaki ɗaya da matar ɗansa, ko da duniya za ta naɗe. Tun kafin a buɗe baki ya ɗauki buzunsa da butarsa ya koma barandar masallacin kwata, inda maigidana ke fawa. Can yake kwana, iskar ruwa tana dukansa, har ya kama tari. Kullum da safe in na dama masa kunu na bayar a kai masa, sai in ji kamar ni ce na kore shi.

Akwai wani fili bayan kwata inda ake tsare shanu, wanda mai unguwar 'yan ƙasa ya bar wa mahauta su yi amfani da shi. Wata rana mota mai lasifika ta zagaya tana shela cewa hukuma za ta gina gidaje masu sauƙin kuɗi a wurin. Duk wanda masu awo suka tarar da ɗakinsa a tsaye da rufi a kai, za a bar masa iya inda rufin ya rufe, sauran fili kuma na hukuma ne. Ba a faɗi ranar zuwansu ba. Nan da nan unguwa ta rikice, kowa yana neman kwanon rufi, kwano kuwa ya yi tsadar da ko masu shanu sai sun yi tsaki. Baba ya saurara har aka gama, sannan ya ce wa ɗansa me za a yi da gwangwani, ga ƙasa Allah ya shimfiɗa kyauta. Zai gina mana ɗaki biyu, namu da nasa, da soro irin na gida.

Da maigidana ya kawo mini labarin sai da na ajiye muciya. Na ce, “Malam, soron ƙasa a Fatakwal? Ka taɓa ganin guda ɗaya tun da muka zo?”

Ya ce, “Don ba su iya ba ne. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.”

Na ce, “Babba ya hango ruwan Kano. Wannan ruwan in ya fara ba ya tambayar kowa. In ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma nemo taka ka ɗaura.”

Ya yi dariya ya ce in je in faɗa wa Baba da bakina, don ya san ba zan iya ba. Ni da ko sunan Baba ba na kamawa, in ya shigo sai in durƙusa in gaishe shi fuskata a ƙasa, in ya amsa in sulale. Wallahi ranar na ji haushin maigidana fiye da na ruwan.

Aka yi gayya. Mahauta da 'yan dako suka zo bayan an tashi daga kwata, suka kwaɓa ƙasa da ƙafa, Baba yana mulmula tubali yana jerawa a rana. Babu giginya a ƙasar balle a sami azara, sai ya sa aka saro masa itatuwan bakin ruwa ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a gwiwarsa. Gaskiya ɗaya ce, aikin ya yi kyau. Bango ya tashi sumul, masu wucewa suna tsayawa kallo. Tarin Baba ma ya ragu, har na ji shi yana ɗan rera waƙar aiki. Maƙwabciyarmu a filin, wata 'yar ƙasa mai sayar da busasshen kifi da muke kira Mama mai kifi, ta tsaya ta riƙe ƙugu ta dubi ginin, ta dube ni, ta ce da turancin buroka wannan gidan sukari ne, ruwa na taɓa shi zai narke. Na ce mata na sani. Ta ce to me ya hana ni magana. Na rasa yadda zan fassara mata kunya, na ce mata kawai uban mijina ne.

Amma bakina ba ya iya riƙe magana har abada. Ran da za a fara ɗora rufi na kai abinci filin, 'yata tana goye, lokacin ko maganar kirki ba ta iya ba. Baba yana bayan bango yana wanke hannu. Na sauke ta, na zaunar da ita a kan tabarma, na ɗaga murya daidai yadda zai ji.

Na ce, “Ke 'yar nan, kin san a garin da aka haifi uwarki ba a jiran bazara ta gasa mutane kafin ruwa ya sauko? Yana zuwa tun ana ganin rani ne. Kuma ba ya yin kwana ɗaya ya ba ƙasa hutu ta bushe. Shi ya sa rufinsu yake a tsaye kamar malafa, ya zarce bango sosai.”

Yarinya tana ta tsotsar yatsa. Sai na ji gyaran murya daga bayan bango.

Baba ya ce, “Amaryata, gaya wa uwarki tun ba a haifi ubanki ba nake ɗora soro, kuma babu wanda ya taɓa zuba a kan mai shi. Ki ce mata an gode da abinci.”

Haka yake kiran jikarsa, amaryarsa, irin wasan kaka da jika. Na kwashe kwanuka na tafi. Na faɗi nawa ta hanyar da aka yarda in faɗa, shi ma ya amsa ta hanyar da ta dace da shi.

Ya ɗora soron, ya yi masa daɓe, ya fitar da indararo biyu. Ɗakinmu ya fara gamawa, ya yi masa bango mai kauri. Nasa kuwa a nan ya zuba gwanintarsa, ya ɗaura bakan gizo na riƙe rufi a ciki, ya yi zane a saman ƙofa da yatsunsa. Muka bar Mayil Wan muka tare. Daren farko da Baba ya kwana a ƙarƙashin rufin kansa, da safe na ji shi yana wa amaryarsa tsiya cewa yanzu ya yi ɗaki sai ta tare. Ban taɓa son in zama maƙaryaciya kamar a kwanakin nan ba.

Ruwa ya zo tun ƙasar soron ba ta gama shan iska ba. Na fari ya yi ya ɗauke, Baba ya hau ya duba, ya sauko yana gyaɗa kai. Na biyu ya wuni. Daga nan kuma aka shiga irin wanda na sani, yayyafi marar hayaniya da ke kwana ya wuni ya sake kwana, kaya su yi funfuna a cikin akwati, gishiri ya zama ruwa a kwano. Duk sanda ya ɗan tsagaita Baba zai jingina tsani ya hau da ƙasa a kwarya ya toshe tsaga, kafin ya sauko an sake farawa. Masu awo kuwa shiru, kullum sai a ce gobe. Bango ya jiƙe daga sama yana saukowa, daga ƙasa yana hawa. Na jera kwanukan aurena a tsakar ɗaki suna tarar ɗiga, ina kwashewa ina zubarwa, kuma ban ce wa maigidana “ai na faɗa” ba sai sau ɗaya, ko sau biyu.

Wata safiya aka ce an ga masu awo sun fara daga bakin titi. A safiyar ce kuma itacen rufin ɗakin Baba ya lanƙwasa, nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya fara jan bangon da ya raba ɗakunan biyu, har tsaga ta buɗe a gefenmu wadda hannu zai shiga. Ina tsugune ina hura wuta da ɗanyen itace na ga ƙafafunsa a bakin zana. Sai ya kira jikarsa.

Ya ce, “Amaryata, tambayi uwarki, a garin nasu yaya suke yi?”

Ban ji daɗin cin nasara ba ko kaɗan, tausayinsa ne ya kama ni. Na ce wa yarinyar a sauke ƙasar gaba ɗaya, a kafa gwangwala a tsaye, a rufa da saƙaƙƙen ganyen tukurwa irin na 'yan ƙasa, a bar baki ya zarce bango. Na ruga wajen Mama mai kifi. Kowa a filin yana neman ganyen nan a lokacin, abin da ta iya haɗa mana da na rumfar kifinta da ta kwance bai wuce na ɗaki ɗaya ba.

Maigidana ya ce a raba, a rufa rabi nan rabi can. Baba bai ko dube shi ba. Ya zagaya ginin, ya dafa bangon tsakiya da tafin hannunsa kamar mai duba zazzaɓin yaro, ya ce muddin ɗakinsa yana tsaye sai ya ja namu sun faɗi tare. Ya karɓi diga daga hannun wani ɗan dako cikin waɗanda suka zo taya mu. Samari suka ce ya bari su yi, ya ce wanda ya ɗaura shi ya san inda zai kwance. Da hannunsa ya sare bakan nan, ya ture bangon da zanen yatsunsa ke kai, ruwa yana zuba a bayansa. Kafin la'asar ɗakinmu ya sami rufin ganye, Mama mai kifi tana ƙasa tana nuna wa magini yadda ake ɗaurawa, shi kuwa yana bi ba musu.

Masu awo suka iso washegari da lema da igiyarsu. Suka auna inda rufi ya rufe, suka kafa turaku huɗu. Maigidana ya nuna musu tulin ƙasar da ke gefe ya ce ɗaki ne, jiya-jiya ya faɗi. Babbansu ya ce ba ya musu, amma shi abin da ke tsaye aka aiko shi ya auna. Inda ɗakin Baba yake, nan lambatun gidajen hukuma ya bi daga baya. Gidajen sun yi kyau, ma'aikata masu albashi suka shiga, ban san mahauci ko ɗaya da ya sami ɗaki a ciki ba. Namu ɗakin kuwa yana nan, mun mai da shi bulo, a cikinsa na haifi sauran 'ya'yana kuma ba mu ƙara biyan haya ba.

Baba ya koma barandar masallaci, tari ya dawo. Da damina ta yi nisa ya ce zai bi motar shanu da za ta koma arewa. Ran tafiyar ya zo sallama da hantsi, buzunsa a naɗe a hammata. Maigidana yana kwata, yarinyar kuma Mama mai kifi ta tafi da ita kasuwa. Ya tsaya a bakin zana ya kira amaryarsa, ya sake kira. Babu wanda za a aika.

Na fito na durƙusa. Na ce, “Baba, ba ta nan.” Ita ce magana ta farko da na taɓa yi masa kai tsaye bayan gaisuwa, kuma tun da bakin ya buɗe sai na ƙarasa. “Baba, ka zauna. Sai mu raba ɗakin da zana.”

Ya yi murmushi yana kallon rufin ganyen, ba ni ba.

Ya ce, “'Yata, ba a yin haka. Ki dai riƙa duba gindin bangon gabas, in kin ga ya jiƙe ki sa a tara masa ƙasa. Na yi shi da kauri, zai riƙe ku.”

Ya riƙe mu shekaru masu yawa. Baba bai ga wata daminar ba.