Ƙunshin Madam Furera

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar da wata tsohuwa mai ƙunshi ta koya mini zaɓen takalmi ba, ni da nake da difloma a kan motsa jiki, na kuma yi shekara da shekaru ina koyar da shi a lekol, wato makaranta, a nan Magariya. Ku da kuka shigo aikin yanzu ku saurara, don na lura ku ma kuna ji da takardunku kamar yadda na ji da tawa.

Bayan na aje aikin lekol sai aka ba ni wani ɗaki mai daɓen siminti in riƙa horar da mata. Sau uku a mako muke haɗuwa, daga bayan la'asar zuwa gab da magariba. Yawancinsu lokotoro ne, wato likita, ya turo su, masu hawan jini da masu ciwon suga. Ba gudu muke yi ba. Tsugunna-tashi ne, da ɗaga ƙananan ƙarafa, da tsallen igiya ga mai iyawa, da takun gefe, wato mace ta matsa dama ta dawo hagu da sauri. Shi ya sa dokata ta farko ita ce takalmi. Basket, wato takalmin gudu, mai tudun dunduniya da laushi kamar katifa, gaba kawai ya sani. Da an matsa gefe sai ya karkace da idon sawu. Na ɗaki kuwa ana son ƙasansa shimfiɗaɗɗe, mai faɗi, mai riƙe siminti, gefensa da ƙarfi.

Cikin matan akwai Madam Furera, sakatariya ce a wani ofis, shekarunta sun kai hamsin. Suga ya riga ya kashe mata jin ƙafa, ko ƙaya ta taka ba ta sani. Mahaifiyarta ma ciwon ta yi, kuma daga ɗan ƙurji a yatsa aka kai ga yanke ƙafa a Damagaram. Ranar da ta fara zuwa ta ce mini, "Madam, ni ba ramewa na zo nema ba. So nake a binne ni da ƙafafuna biyu."

Da kaina na raka ta kasuwa wurin 'yan gwanjo. Na bi ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya. Da yamma muka je, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Ta sa safa, na bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunta da bakin takalmin, na murɗa shi na ga bai lanƙwashe ba. Na dawo ina yaba wa kaina. Kullum bayan horo nakan duba ƙafarta ko akwai inda ya yi ja, kamar yadda aka koya mana. Sai dai lokacin bayan ƙaramar salla ne, ƙafar na ɗauke da ƙunshi da ya kama ya yi duhu har gefen yatsu. Nakan duba, in ga lalle, in ce lafiya lau.

Akwai kuma Inna Habsu, 'yar Guci ce da aure ya kawo Magariya tun kafin a haifi wasunku. Ita ke yi wa rabin matan gari ƙunshi. Hawan jini ya kawo ta wurina, amma da silifa take zuwa, ni kuma na rantse ba mai hawa simintina da silifa. Sai ta zauna a benci bakin ƙofa tana ba mutane dariya. In na ce, "Inna, yaushe za ki fara?" sai ta ce, "Ai na fara, 'yata. Baki nake motsawa." Gaskiya a raina na ɗauke ta 'yar cika wuri.

Ranar Larabar nan mun tashi, mata na alwala a bakin ƙofa. Ni na riga na duba Madam Furera na sallame ta. Tana wanke ƙafa sai Inna Habsu ta daina surutu.

"Furera, miƙo ƙafar nan. Ba wannan ba, ta hagu."

Ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta juya ta wajen haske, ta daɗe tana kallo.

"Jajibirin salla na yi miki wannan ƙunshi. Naki daga dunduniya yake fara gogewa, sai ƙarƙashin babban yatsa, don a nan kike taka ƙasa. Tun kina amarya haka yake. To yau ga shi ya koɗe a gefen ƙaramin yatsa. Wa ke taka ƙasa da gefen yatsa? Wani abu ne ke cin wurin nan."

Na matso na leƙa. Wallahi ni ban ga komai ba sai lalle da ya ɗan fi sauran haske, wuri bai fi ƙwayar wake ba. Ta ɗora bayan hannunta a kai, ta kama nawa ta ɗora. Wurin da zafi. Ta danna a hankali, sai na ji fatar tana motsi, ruwa ya taru a ƙasa. Madam Furera na kallonmu, ba ta ji komai ba.

"Kawo takalmin," in ji Inna.

Ta zura hannu ciki, ta rufe ido, tana bin cikinsa da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a gero. Can ta tsaya, ta juyo wurina. "Taɓa nan, Madam." Wani ɗinki ne mai kauri daidai inda ƙaramin yatsa ke zama, ga gaban takalmin ya tsuke. Duk takun gefen da na sa ta yi, nauyin jikinta a kan ɗinkin nan yake sauka. Ni na zaɓi takalmin, ni na ba da umarnin takun, ni kuma na duba na ce lafiya.

Inna ba ta ce mini kin yi laifi ba. Cewa ta yi, "Ku lamba kuke aunawa, lamba kuma tsawo ta sani. Ƙafar da ta girma cikin silifa gabanta a baje yake." Daga nan ta bi sauran matan da ke tsaye, tana faɗin halin ƙafar kowacce ba tare da ta duba ba. Wannan tana jan dunduniyar hagu tun haihuwarta ta uku. Waccan ƙafarta ta dama ta fi ta hagu faɗi. Na sa suka nuna mini ɗaya bayan ɗaya, ko ɗaya ba ta kuskure ba. Na tsaya ina kallon tsohuwar nan da na hana hawa siminti. Ashe ƙafafun garin nan duka suna cikin kanta.

Washegari muka je wurin lokotoro. Ya wanke wurin, ya ce da an ƙara 'yan kwanaki ya fashe cikin takalmi, da labarin ya zama wani. Ya hana ta horo sai ta warke.

Da ta warke, mu uku muka koma kasuwa. Inna ta tsayar da ita a kan ƙafafunta, ta zagaya gaban ƙafar da zaren kaba, ta ƙulla alama. Kowane takalmi sai ta gwada faɗinsa da kabar, ta laluba cikinsa ido rufe, sannan ta miƙo mini in duba ƙasansa in murɗa. Mun ƙi ya fi goma, har mai kayan ya fara tsaki. Wanda muka yarda da shi mu biyu wani baƙi ne mummuna mai faɗin baki. Madam Furera ta yamutsa fuska ta ce, "Inna, wannan ai na maza ne." Inna ta ce, "Sa ki taka. Ba gidan biki za ki da shi ba."

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo ne bayan wata biyu, da bikin 'yar Madam Furera ya matso. A gabana ta ce, "Inna, ranar Alhamis zan zo ƙunshi."

"Na hannu zan yi miki, wanda ba a taɓa gani ba. Ƙafa kuwa na gama."

"Haba Inna, uwar amarya da farar ƙafa? Me mutane za su ce?"

"Su ce. Madam mai horo ba ta iya karatun lalle ba, ja kawai take ganewa. Ni kuma ba kullum zan kasance a bencin nan ba. A bar mata ƙafar yadda za ta gan ta."

Ƙafar da ta yi wa ƙunshi tun ranar aure ke nan ta saki da kanta, don kawai ni mai difloma in iya aikina.

Abin da na koya shi ne, takarda ta ba ni rabin sanin takalmi, rabin da ke taɓa ƙasa. Rabin da ke taɓa mutum yana wurin waɗanda suka daɗe suna riƙe ƙafar mutane a cinyarsu. Tun daga ranar ban ƙara zaɓa wa mace takalmi ba sai na auna faɗi na laluba ciki, kuma mai ciwon suga nakan roƙe ta ta bar ƙafarta ba lalle. In wata ta yi gardama, sai in ba ta labarin bikin nan. Na je, na ga uwar amarya tsakiyar fili, hannuwa sun sha ƙunshi har wuyan hannu, ƙafafu fari fat, tana rawa a kansu duka biyun.