Injin Surukina da Koren Fenti

Har na bar aiki ba zan manta da ranar da masu tantancewa suka zo cibiyarmu ta koyon sana'a a Birnin Kebbi ba. Ni ke koyar da gyaran injin ban-ruwa. Ƙa'idar gwamnati kuwa ita ce, ba a ba sashe tallafi sai an zo an ga kayan aikinsa. Mu kuma tallafin muke jira mu sayi kayan. In suka tarar da ɗaki wayam, za a rufe sashen, ɗalibaina su koma gida.

Shugaban cibiya ya ce in nemo aro. Na cire kunya na tafi Zauro wurin surukina, Alhaji Garba, ya haɗa ni da manoma maƙwabtansa, shi da su suka ba ni injunansu bisa alkawarin zan mayar kafin azahar, don shinkafa na son ruwa.

Ina juya baya, shugaba ya ga injunan duk sun koɗe, ya sa aka shafe su da koren fenti, wai su yi kama da sayen gwamnati.

Baƙi kuwa suka tsaya cin kifi a Argungu. Sai bayan la'asar suka iso. Ina tsakiyar bayani, sai ga surukina da manoma a bakin ƙofa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya dubi injunan, ya dube ni. "Malam Sani, wane na nau? Mi kunka yi musu?"

Ashe kowa da lotsawa da tsatsa yake gane nasa, fenti ya rufe. Nan gardama ta kaure, kowa ya rungumi wanda ya fi sheƙi.

Jagoran baƙin ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Kwantar da hankalinka, Malam. A cibiyar Argungu ma, keken ɗinkin da aka nuna mana da rigar wata a kai, tela na jira a waje." Ya sa a tayar da injunan, ɗalibai suka kwance ɗaya suka mayar, ya amince da sashen.

Abin da na koya, a wannan aiki mai dubawa da wanda ake dubawa duk sun san dawar garin. Sashe ya tsira. Amma har yau in na je gaida surukina, kafin ya amsa sallama sai na ji ya ce, "Ku shigar da injin ɗaki, ga gwamnati nan ta iso."