Gem ɗin da na biya wa Yaya

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma makonnin da na yi ina fama da maganar biyan kuɗin gem ba za su taɓa fita daga raina ba. Na san za a yi dariya. Mace mai 'ya'ya uku, malamar firamare, ta rasa abin da zai hana ta sukuni sai gem. Ni ma da a bakin wata na ji, dariyar zan yi.

Yayana ne sanadi. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ke riƙe da gidanmu na Ƙofar Gayan. Sana'arsa ɗinkin hannu ce, aikin babbar riga, irin wanda mutum zai zauna a zaure ya shafe watanni a kan riga ɗaya. Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce masa, kafin a kai shi asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Allah ya sa da sauran kwana. Ƙafa ta dawo a hankali, baki ma ya daidaita, amma hannun dama, hannun da yake riƙe allura da shi, sai ya zauna a kan cinyarsa kamar ba nasa ba.

Likitar da ke masa gashi ta ba shi wata 'yar ƙwallon roba ta ce ya riƙa matsawa safe da yamma. Ko kwana uku bai yi ba ya jefar. Da na yi masa magana sai ya ce, "Auta, tun ina ƙarami nake zura zare a allura ba tare da na duba ba. Yanzu kuma a ce in zauna ina matsa ƙwallo kamar jariri?" Daga nan ya daina fita zaure, ya daina amsa sallamar abokan sana'arsa. Ranar da na raka shi asibiti likitar ta ja ni gefe ta ce, "Ku nemo masa wani abu da yake so, wanda zai sa yatsun nan motsi. In aka bar hannun ya sandare, dawo da shi sai an sha wuya." Wannan maganar ita ta shiga kaina ta zauna.

Ina ofishin malamai lokacin tara, ina duba waya, sai ga wata talla. Wani kamfani ne na ƙasar waje zai sake fito da tsofaffin wasannin gem, irin na kaset ɗin nan da sai an hura masa iska kafin ya kama. Ba kaset za su sayar ba, mutum zai yi rajista ne ya riƙa buga su ta intanet. Cikin hotunan da ke giftawa na hango wani da ya sa na miƙe zaune: ɗan mutum a kan keke yana tsallake ramuka. Wasan Yaya ne. Yana saurayi ya sayo tsohon gem a Sabon Gari ya haɗa da talabijin ɗinmu marar kala, kuma a duk unguwar babu wanda ya taɓa cin sa a wasan mai keken nan. Har daga wasu unguwanni samari ke zuwa gwada shi, su koma suna ƙunƙuni. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da babban yatsan dama ake danna tsallen.

Sai dai da sharaɗi. Ba a buɗe tsarin ba tukuna, wai sai ƙarshen wata. Wanda ya biya kuɗin shekara guda tun kafin a buɗe zai samu ragi mai yawa, amma ba a mayar da kuɗi, kuma ba su bayyana cikakken jerin wasannin ba. Wanda ya jira a buɗe sai ya riƙa biya wata-wata da tsada. Ragin kuma ranar Juma'a zai ƙare. Ranar Litinin ce na ga tallar.

Kuɗin da nake da su a lokacin na ware su ne don gyaran rufin ɗakin girkina kafin damina ta sauka. Na kai wa maigidana maganar bayan ya dawo daga aiki a unguwar Kongo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ajiye cokali.

"Kin ga kayan da idonki?"

"Ban gani ba, Malam, ai ba a buɗe ba."

"Kin tabbata wasan da kike nema yana ciki?"

"Na gan shi a tallar."

"A tallar," ya maimaita. "In suka buɗe aka ce ba ya aiki a ƙasar nan fa? Wa za ki kama? Ki jira su buɗe, ki biya na wata ɗaya ki gani. Kuɗinki ne, ba zan hana ki ba, amma ni ba na biyan abin da ban gani ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce. Amma ni a lokacin wata ɗaya bai yi mini kama da komai ba. Wane hannu ne zai warke a wata ɗaya? Ga dala kullum hawa take yi, abin da zan iya biya yau ba lallai in iya biyansa bayan wata uku ba. Idan Yaya ya fara jin daɗinsa, yatsu suka fara motsi, sannan na kasa biyan wata na gaba fa? Haka na riƙa wuni ina kai gwauro ina kai mari a raina har Alhamis. A aji zan rubuta lissafi a allo in tsaya riƙe da alli, sai yara sun ce "Malama" sannan in dawo. Na karanta sharuɗɗan kamfanin nan har na kusa haddace su. Na bi bayanan mutane a ƙarƙashin tallar, wani ya ce ya biya, wani ya ce damfara ce, wani ya ce sun saba ɗaga rana. Duk wanda na karanta nasa a ƙarshe, shi nake bi har in ci karo da na gaba.

Abu ɗaya da na yanke tun farko ba tare da wani tunani ba shi ne ba zan gaya wa Yaya ba. So nake kawai ya ga abin a gabansa.

Ranar Juma'a da aka tashi daga makaranta na hau saman soro, don katangun gidanmu masu kauri ba sa barin sabis ya shiga ɗaki. Na sa lambobin katin banki. Aka ƙi karɓa. Na sake, aka sake ƙi. Na ce a raina to wataƙila Allah ne ke kare ni, har na fara sauka. A tsakiyar matakala na tsaya, na tuna yadda na ga yatsun Yaya sun fara lanƙwashewa ciki, na koma na gwada na uku. Nan take saƙon banki ya shigo, kuɗi sun fita. Na zauna a kan matakala ina jin kamar na jefa su a rijiya.

Ƙarshen wata ya zo, maimakon a buɗe sai ga saƙo: suna ba da haƙuri, an ɗaga zuwa wani lokaci. Ba su faɗi rana ba. A makon ne aka yi ruwan farko, na tsaya a ɗakin girki ina jera robobi a ƙarƙashin yoyo. Maigidana ya leƙo ya duba rufin, ya dube ni, ya ɗauko wani bokiti ya ƙara. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Kullum da na idar da sallar asuba sai na duba waya, haka lokacin tara, haka bayan la'asar. In na je gaida Yaya ba fuskarsa nake kallo ba, hannun nake kallo, ina auna ko ya ƙara sandarewa tun zuwana na baya.

Sai da aka yi mako uku sannan suka buɗe. Na shiga jerin wasannin ina ja da yatsa har na kusa ƙarshe ban gan shi ba. Can ƙasa sai ga mai keke. Na danna, kiɗan nan na dā ya tashi tsaf kamar jiya na ji shi. Yana aiki. Ba a damfare ni ba. Duk abin da na ji wa tsoro babu wanda ya faru, kuma na ɗauka wahala ta ƙare ke nan.

Ranar Asabar da hantsi muka je Ƙofar Gayan da hannun gem da na saya a kasuwa. Maigidana ya haɗa komai da talabijin ɗin falon Yaya. Matar Yaya ta bar wanki ta shigo, yaransu da nawa suka cika ƙofa. Ni da kaina na kira su, don ina so kowa ya ga farin cikinsa.

Da kiɗan ya tashi, wallahi fuskar Yaya ta canza. Ya gyara zama ya ce, "Kai! A ina kika samo wannan?" Ya karɓi hannun gem ɗin da hagu, ya ɗago hannun dama ya ɗora a kai. Mai keke ya taho, ga ramin farko, wanda a dā ko kallonsa ba ya yi. Babban yatsan bai motsa ba. Mai keke ya faɗa. Ya sake, ya faɗa. A na huɗu na ga jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya tsattsafo masa a goshi, yatsan ya ɗan karkata ya zame gefe. Wata cikin ƙananan yaran ta yi dariya, ba da wata manufa ba, faɗuwar ce ta ba ta dariya.

Yaya ya ajiye hannun gem ɗin a kan tabarma a hankali. Ya ce, "Auta, abin da kika tara mini mutane su gani ke nan?"

Na ce, "Yaya, likita ce ta ce..."

"Wa kika tambaya? Allura ta tafi, na haƙura. Wannan kuwa in na tuna shi, ina tuna lokacin da babu wanda ya kai ni. Shi kaɗai ya rage mini ban ga na kasa ba. Yanzu na gani."

Ya dafa bango ya miƙe ya shige ɗaki. Ban san yadda na fito daga gidan ba. Na dai tuna muna cikin a-daidaita-sahu wajen Ƙofar Doka ina share hawaye da gefen hijabi, maigidana yana cewa yara su yi shiru. Sati biyar na yi ina tsoron kada kamfani ya cuce ni, ko sau ɗaya ban ji tsoron abin da zan yi wa mutumin da na yi domin shi ba.

Kwana tara ban taka gidan ba. Kunya ta hana ni, ga fargabar kada abin da na yi ya sa ya ƙi zuwa gashin ma gaba ɗaya. Duk wayar da ta shigo daga gidan sai in tsaya kallonta kafin in ɗauka. Ana nan sai matar Yaya ta kira ni tana magana ƙasa-ƙasa.

"Gwaggon yara, abin nan naki ya rufe, wai sai an sa lambobin sirri."

Na ce, "Yara ne ke bugawa?"

Ta ce, "In sun tafi makaranta, gida ya yi tsit, sai ya saki labule ya rage murya. Tun kwana uku da tafiyarku yake yi. Shi ya ce in tambaye ki, amma ya ce kada in ce shi ya ce."

Washegari na nemi izini a makaranta na je ni kaɗai. Na gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Na sa lambobin, na rubuta su a takarda na ajiye a kan talabijin, na ɗauki jakata. Har na kai ƙofa ya ce, "Zauna mana." Ya ɗauki hannun gem ɗin. Ba da babban yatsa yake dannawa ba, da gaɓar yatsan manuni yake turawa, duk kafaɗarsa na taya shi. Mai keke ya tsallake ramin farko, ya tsallake na biyu, ya faɗa a na uku. Bai dube ni ba ya ce, "Rannan na wuce wannan. Ke ce kika tsare ni da ido." Ban san lokacin da dariya da kuka suka zo mini tare ba. Maganar ranar Asabar kuwa har yau ba mu sake tayar da ita ba.

Ba zan ce gem ne ya gyara hannun Yaya ba, don ya ci gaba da zuwa gashi, kuma sauƙi na Allah ne. Hannun ya dawo har yana cin abinci da shi, yana musabaha, yana jan carbi. Allura dai ba ta dawo ba. Amma ya koma zaure, shi ke zana wa masu ɗinki aikin da za su bi a kan riga, yana duba musu kuskure. Da ya koma zauren sai ya rage buga gem, cikin wata na biyar ya daina ɗungurungum. Sauran watannin da na biya haka suka wuce babu wanda ya taɓa. Da shekara ta zagayo aka turo saƙon sabuntawa, na kai masa wayar na nuna masa. Ya ce, "Bar shi, Auta. Ran da na yi marmari sai a biya na wata ɗaya."

Yanzu da na waiwaya na gane ba ragi ne ya sa na biya kuɗin shekara ba. Tsoro ne. So nake in riƙe wani abu a hannuna da zai tabbatar mini cewa nan da shekara Yaya zai warke, kuma babu kamfanin da ke sayar da wannan. Tun daga lokacin, duk abin da aka ce in biya gaba ɗaya kafin in gani, nakan tsaya in tambayi kaina ko kayan nake so ko hankalina nake neman kwantarwa. In kuma don wani zan yi, shi nake fara zuwa wa, in zauna in ji ta bakinsa, mu biyu kawai, kafin in taɓa katin banki.