Sunan da Aka Ɓoye Ni da Shi

Edita, ina yi maka sallama kai da masu karatu. A ƙarshen shekarun casa'in ni 'yar aji biyar ce a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a Gashuwa, kuma in aka ce a nuna mai surutun ajinmu ba a wahalar nema. Babana malami ne, asalinsu mutanen Haɗeja. Yana ba da karatun littattafai a zaurenmu, ɗalibansa kuwa magidanta ne, yawanci 'yan kasuwa. Mutum ne mai shiru, ba ya duka ba ya zagi, amma in ya shigo gida har kaji sai sun nutsu. Duk unguwa an san shi da abu ɗaya: talabijin ba ta shiga gidansa, kuma ba ya jin nauyin faɗa wa ɗalibansa cewa ita ce ke raba mata da ɗakunansu. Innata Babarbariya ce 'yar Nguru, Hausarta ba ta taɓa rabuwa da karin Barbarci ba, kuma a kitso babu mai kama ƙafarta a wannan yanki namu.

Sai na yi bayanin sunana, don a kansa komai ya rataya. Sunana na yanka na mahaifiyar Baba ne, saboda haka babu mai iya furta shi a gidanmu. Kakata ta Nguru ce ta laƙaba mini wani suna na Barbarci tun ina goye, bakin Hausawa ya lanƙwasa shi har ya zama wani abu dabam, mai ban dariya, wanda ban taɓa jin mai irinsa ba. Da shi kowa ya san ni, daga masu kifi na bakin kogi har limamin unguwa. Sunan yankan kuwa sai a makaranta lokacin kiran suna, shi ma sau da yawa sai an zungure ni nake tuna cewa da ni ake.

Maƙwabciyarmu wata Hajiya ce, mijinta na kawo kaya daga Kano, suna da bidiyo da janareta. Bayan azahar, in maza sun koma kasuwa, mata kan taru a falonta a sa fim ɗin Indiya. Inna sai ta leƙa zaure ta ce wa Baba za ta je kitso, ya ce a dawo lafiya, ni kuma in ɗauko mata tsinke da man kitso in bi ta. Ba ƙarya take yi ba, kitson take yi, hannunta na cikin gashin mutane idonta na kan akwatin. Ko kalma ɗaya ta yarensu ba ta ji, amma ita ke fassara wa kowa, kuma ita ke fara kuka. Wata rana muna dawowa na tsokane ta, na ce tsohuwa da ita me take wa kuka. Ta ce ba waƙar ba ce, ba rawar ba ce. Abin da ke taɓa ta shi ne yadda mutum zai dawo gida ya zauna kusa da matarsa ya tambaye ta yadda ta wuni, kuma ya tsaya ya ji amsar. Ta ce tun da aka kawo ta gidan Malam bai taɓa rage ta da ci ko sutura ba, amma bai taɓa zama ya yi hira da ita ba, kullum tambayarsa ko akwai abin da babu. Ta yi dariya ta gyara mayafi muka shige. Ba ta ce kar in faɗa wa kowa ba, don ba ta zaci akwai buƙatar ta ce ba.

A wannan shekarar ne aka kawo mana baƙuwa makaranta. Ɗalibar digiri na biyu ce daga wata jami'a mai nisa, tana bincike kan yadda talabijin da bidiyo ke canza rayuwar matasa a ƙananan garuruwa. Ta sauka wajen 'yan uwanta a Nguru, tana shigowa Gashuwa a mota. A bariki ta taso can kudu, Hausarta ta kasuwa ce, muna kiranta Anti. Ba zan zalunce ta ba, mace ce mai kirki da fara'a. Ta zauna da mu ɗaya bayan ɗaya a gindin darbejiya da 'yar rakodarta, ta ce dokar aikinsu ce ba a bayyana sunan kowa, za ta sa wa kowace sunan ƙarya. Da aka zo kaina ta ji 'yan ajinmu na ƙwala mini kira da laƙabin nan, ta yi ta dariya, ta ce ai ni na hutar da ita, ga sunan wasa nan a shirye, da shi za ta rufe sunana na gaskiya. A wajenta sunan gaskiya shi ne wanda malami ke kira a aji. Ni kuwa daɗi ma na ji. Ban tsaya na yi tunanin cewa ta ɓoye wanda ba a sani ba, ta ɗauki wanda duk gari ya sani.

Ku fahimce ni, tun da nake babu babban da ya taɓa tambayata ra'ayina a kan komai. Ga mace mai ilimi ta zuba mini ido tana gyaɗa kai, duk abin da na faɗa sai ta ce yana da muhimmanci. Bakina ya buɗe kamar an kwance bakin buhu. Na faɗi finafinan da nake so da yadda muke kwaikwayon ɗaurin gyale. Ta tambaya a ina nake kallo tunda babana ya hana, na ba ta labarin kitso. Ta tambaya ko iyaye mata ma suna kallo, na ce ai Innata ce shugaba. Don in ƙara burge ta, na ɗauko maganar da Inna ta yi mini a hanya na juye mata duka, har ina kwaikwayon karin harshenta. Anti ta ce wannan ita ce magana mafi daraja da ta samu tun da ta fara aikin. Na koma gida ina jin kaina a sama.

Shekaru suka ɗan wuce, na gama makaranta, na ma manta da ita. Wata rana bayan la'asar, ɗaliban Baba na zaune a zaure ana jiran ya fara, ɗaya ya kunna rediyo don jin labarai. Sai aka ci karo da wani shiri na Hausa, ana hira da wata malamar jami'a kan binciken da ta yi a arewacin Yobe. Ita ce. Tana bayani cewa ba matasa kaɗai kallo ya shafa ba, har iyayensu mata, sai ta ce za ta ba da misali da wata yarinya a Gashuwa, 'yar wani malami mai hana kallo, wadda saboda sirri ba za ta faɗi sunanta ba, amma bari a kira ta da sunan wasa. Ta faɗi laƙabina. Ta kawo labarin kitso. Ta kawo maganar Inna, ba ta rage komai ba. Wanda ya ba ni labarin daga baya ya ce mai rediyon ya kai hannu zai kashe, Baba ya ɗaga masa hannu ya ce ya bari. Ya saurara har aka gama, sannan ya buɗe littafi ya ba da karatun ranar kamar ba a yi komai ba.

Kafin magariba magana ta gama unguwa. Mun zauna muna jiran faɗa, Inna har ta haɗa 'yan kayanta, amma Baba ya shigo ya ci tuwonsa ya fita. Washegari ma haka. Da ya yi faɗan da ya fi mana sauƙi. A waje kuwa abin ya zama abin dariya: mace ta nemi izinin fita, miji ya tambaye ta ko kitso za ta je. Matan da aka hana shiga maƙwabta saboda mu suka daina gaishe da Inna. Hajiya mai bidiyo ta aiko a ce wa Inna ta yi zamanta a gida tukuna. Wasu ɗaliban Baba suka janye jiki, wai wanda bai san abin da ke faruwa a bayan zaurensa ba me zai koya musu. Inna ba ta zage ni ba. Sau ɗaya kawai ta dube ni ta tambaya ko ita ta aike ni.

Bayan 'yan makonni Inna ta ce wa Baba tana so ta je Nguru ta gaida gida. Ya ce a dawo lafiya, kamar yadda ya saba cewa. Ta tafi ba ta dawo ba. A nan ne abin ya ƙulle. Kawuna, yayan Inna, ya ce 'yar uwarsa ta baro gida cikin ɓacin rai, wannan yaji ne, ba za ta koma ba sai miji ya zo biko ya nuna yana son zamanta. Baba kuma ya ce shi bai kore ta ba, bai saki ba, izini ta nema ya ba ta, ɗakinta na nan, biko ai sai wadda ta yi yaji. Inna kunya ta hana ta komowa da ƙafarta, tana ganin ta tozarta shi a gaban duniya, in yana son ganinta zai zo. Duk wata yana aika mata hatsi, duk salla yana aika atamfa. Ni ce 'yar aiken, na san kowane rami a hanyar Gashuwa zuwa Nguru. Duk zuwan da zan yi, sai ta gama duba saƙon sannan ta tambaya a hankali ko Malam ya ce wani abu. Ni kuma in ce yana gaishe ta, ko da bai ce ba.

Haka aka yi ta tafiya har na yi aure na haihu. Wata damina zazzaɓi ya kama Inna, kafin a ce a kai ta asibiti Allah ya yi ikonsa. Ta rasu da igiyar aurensa a kanta, a ɗakin da aka haife ta. Baba ya zo, shi ya yi mata salla. Bayan an share makoki, mota ɗaya muka shiga za mu koma. Muna hanyar fita daga gari ya nuna mini wani shagon mai shayi a bakin layin su Inna, ya ce ya san wurin nan sarai. Ya ce ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ya hau mota daga Gashuwa da niyyar biko, ya sauka ya tako har nan, ya zauna a bencin yana kallon ƙofar gidan, sannan ya tashi ya koma tasha. Na tambaye shi dalili. Ya ce ba girman kai ba ne, bai taɓa jin haushinta ba ko na rana ɗaya. Ya ji abin da take so a rediyo tare da kowa, kuma ya san in ya shiga dole ya zauna ya yi mata wannan hirar, shi kuwa bai san ta inda ake farawa ba. Ya ce da a ɗaki ta faɗa masa, su biyu, wataƙila da ya koya a hankali. Amma yanzu duk abin da zai ce mata, gani yake duk gari na saurare. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai a motar nan, a tsakiyar fasinjoji da buhunan kifi.

Ban sake haɗuwa da Anti ba, kuma na tabbata har gobe tana ganin ta cika alƙawari. Na yi shekaru ina jin zafinta, yanzu na daina, don ta bi dokar da aka koya mata ne, dokar ce ba ta san mu ba. Shi ya sa nake roƙon masu zuwa garuruwanmu da rakoda, 'yan jami'a da 'yan jarida, ku tambaya kafin ku ce kun ɓoye mutum. A wajenmu sau da yawa sunan takarda shi ne ɓoyayye, kuma a ƙaramin gari ko ba suna, in kun ce 'yar malami mai hana kallo kun gama faɗa. Ku kuma 'yan mata da samari, yanzu da kowa ke da abin ɗaukar magana a aljihu, ku sani daɗin a saurare ku yana da haɗari. Ku ba da labarinku in kuna so, amma maganar da uwa ta yi muku a hanya ba taku ba ce.

Baba ya tsufa yanzu, ya daina ba da karatu, idonsa ya yi rauni. Duk Juma'a nakan je in zauna da shi a zaure, sai ya tambaye ni yadda na wuni, ya tsaya ya ji amsar, daga nan ya ɗauko labarin Inna, yadda take murɗe kalmomi, yadda take dariya. Wani lokaci har a kira la'asar bai gama ba. Ya iya hirar yanzu, sai dai da ni yake yin ta.