Ranar da Inna Ta Ƙi Yafewa

Shekarun baya, ina zaune ƙauyenmu kusa da Ƙanƙara, san da muke huɗa da shi ya firgita ya ja yayana, garma ta daki ƙugunsa. A asibiti likita ya rubuta masa tiramol, ya ce na ɗan lokaci ne. Maganin ya ƙare, ciwon bai ƙare ba, sai ya koma saye a kemis, daga baya har hannun masu talla ranar kasuwa. Ƙwaya ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama ban san iyaka ba. In bai sha ba sai rawar jiki da faɗa, in ya sha sai ya zauna bakin rumbu yana kallon ƙasa. Gona ta koma hannuna.

Bayan an yi girbi kwatsam ya natsu. Ya yi aski, ya sa farar riga, ya hau mota zuwa Faskari wurin gwaggonmu, daga nan Sabuwa inda ƙanwarmu take aure. Ko'ina maganarsa ɗaya ce: a yafe masa. Ya dawo ya bi maƙwabta gida-gida, har garmar ya kyautar.

Murna muka yi, muka ce Allah ya shirye shi. Da ya zo kaina dariya na yi.

“Yaya, Makka za ka ba mu sani ba? Na yahe, amma ka riƙo mani tsaraba.”

Ni ne ma, sarkin fahimta, na bi gari ina ba da labarin tubarsa.

Mahaifiyarmu ya bari ƙarshe. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka tsakaninsu akwai kunya: ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ko saƙo za ta ba shi sai ta bi ta kaina. Da hantsi ya durƙusa ƙofar ɗakinta tana tankaɗe, ina gefe.

“Inna, ki yahe mani.”

Ta ajiye rariya, ta ɗago, ta kira sunansa. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

“Ba Sallah ba, ba tahiya ba, ba kwance kake ba. Bankwanan mi kake? Kashe kanka za ka yi?”

Na ji kunyar tambayar har na so in ce wani abu. Shi kuwa bai musa ba. Ya kifa kai ya fashe da kuka, ya ce ƙwayar ta daina ɗauke ciwon, kuma ba ya iya barinta, ya zama kaya a kanmu, ya gaji.

“To ban yahe ba,” in ji ta. “Tashi mu tahi asibiti.”

Da kanta ta raka shi. Likita ya ce yawan shan irin wannan magani kan jefa mutum cikin baƙin ciki har ya fid da rai daga rayuwa, kuma natsuwar da muka yi wa murna ita ce abin tsoro. Aka riƙa rage masa ƙwayar a hankali, aka haɗa shi da mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa, muka daina barinsa shi kaɗai. An daɗe. Ya taɓa komawa shan ƙwayar ma, aka sake daga farko.

Yanzu yana nomansa, da ɗan ɗingishi. In na tuna, abin da ke ba ni tsoro shi ne dukkanmu mun ji maganarsa, mun amsa masa da ladabi yadda aka koya mana, mun sallame shi. Mutum ɗaya ce ta tambaye shi abin da yake nufi.

Har yau duk ranar Sallah yakan durƙusa ƙofar ɗakinta ya nemi yafiya kamar kowa. Mu ta yafe mana nan take. Shi kuwa sai ta kau da kai ta ce, “Sai baɗi.”