Hoton Yaya Hamisu da Ban Ɗauka Ba

Ranar da labarin rasuwar yayana ya iso ni, ina tsugune ne a bakin wani kududdufi a bayan tasha, ina ƙoƙarin ɗaukar hoton inuwar hasumiyar masallaci a cikin ruwa. Taken ranar "Ruwa" ne, wasunku za su tuna. Waya ta yi ƙara, sunan Malam Sale ya rufe mini fuskar wayar. Maƙwabcin rumfar Yaya Hamisu ne a kasuwa. Na katse. Ya sake kira, na sake katsewa, don a daidai lokacin iska ta lafa, ruwan ya kwanta yadda nake so. A karo na uku na ɗauka da ɗan fushi. Ya ce, "Nura, kana ina? Hamisu ya yanke jiki ya faɗi a rumfa. Ka yi haƙuri, rai ya yi halinsa."

Yau kwana ashirin da shida ke nan. Shi ya sa kuka daina ganin hotona a wannan zauren namu na masu ɗaukar hoto. Na gode wa waɗanda suka yi mini ta'aziyya, Allah ya ba da lada. Ba hoto na kawo yau ba. Mafarki na yi jiya, kuma ina neman wanda zai gaya mini ma'anarsa. Na san an hana mu yawo da mummunan mafarki. To ni ban san ko wannan mummuna ne ba, abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Na ga an samu sababbin mutane a zauren, don haka bari in ɗan yi bayani. Kullum da safe Malam Bashir yana ba mu kalma ɗaya, kowa ya ɗauki hoto a kanta a ranar, ya turo kafin Magariba. Ba a yarda da tsohon hoto. Na yi kwana ɗari uku da goma sha ɗaya ban tsallake ko ɗaya ba, kuma ina alfahari da hakan fiye da yadda ya kamata.

Yaya Hamisu wankin hula yake yi. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Duk hotunan hulunan nan da kuke yabawa, a rumfarsa na ɗauke su. In aka ce "Launi", can zan je. In aka ce "Zagaye" ko "Inuwa" ko "Sana'a", can zan je. Huluna a kife kan gungumen icen da ake shanya su suna shan rana, kumfa a cikin baho, buroshi, dutsen guga na gawayi. Duk sanda na je, maganata ɗaya ce: "Yaya, ɗan matsa, ka shigo mini hoto." Shi kuma sai ya yi dariya ya matsa. Wani lokaci ya ce, "Yau ma ba ni ne taken ba?" In ce, "Wa zai kalli wannan kan naka da babu gashi?" Ya ce, "Kan da ya ɗauke ka a wuya zuwa kallon ƙwallo? Allah ya shirye ka."

Ranar sadakar uku, matarsa Asabe ta sa aka kira ni ƙofar ɗakinta. A da ni da ita ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, tana ce mini "mai hoton da ba ya ɗaukar mutane". Ran nan ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Nura, ka turo mini hoton yayanka, kai ne mai hotuna. Ummi ba ta kai ta riƙe fuskarsa ba." Ummi 'yarsu ce, shekararta biyu da wata huɗu. Na ce, "To, zan duba."

Na duba. Akwai hannunsa riƙe da buroshi. Akwai ƙafarsa a gefen baho. Akwai inuwarsa a jikin katanga, da gefen rigarsa a wani hoton da na yanke da kaina don ya ɓata mini jeri. Fuskarsa babu. Wayarsa ƙarama ce, ba ta ɗaukar hoto. Hotunan aurensu ruwa ya ci su shekarar da bangon ɗakinsu ya zube. Na katin zaɓensa ya koɗe, kuma ya runtse ido a ciki. Na tambayi abokansa biyu a ɓoye, ɗaya ya samo na ranar sunan Ummi, Yaya ya ba da baya yana raba abinci.

Yanzu ga mafarkin.

Jiya bayan sallar Asuba na koma na ɗan kwanta, sai na gan ni a rumfar Yaya. Amma rumfar ba a kasuwa take ba, tana tsakiyar filin makarantar firamaren da muka yi. Babu kowa a filin. Huluna a jere kan gungumensu tun daga ƙafata har bakin katanga, duk a jiƙe suna ɗiga, alhali rana tana tsaka. Yaya yana zaune kan ɗan bencinsa yana goge wata hula. Ina jin ƙarar buroshin, ina jin warin sitati. Na san ya rasu. Hakan bai hana shi aikinsa ba, ni ma a lokacin bai ba ni mamaki ba.

Sai kawai lasifikar masallaci ta buɗe, muryar Malam Bashir ta fito. Ban taɓa jin muryar Malam Bashir ba, rubutunsa kawai na sani, amma na san shi ne. Ya ce, "Taken yau Hamisu. A turo kafin Magariba." Ya faɗa sau biyu, kamar mai cigiyar ɓataccen yaro.

Na yi murna. Na ciro waya na ɗaga. Da Yaya ya ga na ɗaga, sai ya ajiye buroshi, ya goge hannunsa a gaban riga, ya tashi ya koma gefe. Ya ce, "Bari in ba ka wuri." Na juya inda ya koma, ya sake matsawa. Na sake juyawa, ya koma bayan turken rumfa. Ba gudu yake yi ba, ba fushi a fuskarsa. Kawai yana ba ni wuri ne kamar yadda ya saba. Na buɗe baki in ce, "Yaya, kai nake so," sai ƙarar ɗaukar hoto ta fito daga bakina, ƙyas. Na sake gwadawa, ƙyas. Duk abin da na so faɗa, wannan ƙarar ce take fitowa.

Sai kawai na gan ni a wani gidan hoto irin na da, mai labule da aka zana jirgin sama da furanni. Akwai dogon benci, mutane suna jiran layi. Amma ba mutane ne cikakku ba. Hannun mai shayin unguwarmu ne riƙe da kofi, hannun kaɗai. Kusa da shi ƙafafun wata tsohuwa mai ƙosai cikin silifa kala biyu. Sai inuwar wani mai keke a zaune, babu mai keken. Na gane su duka, ni na ɗauke su, kuma na turo muku su a nan. Suna zaune shiru cikin haƙuri. Wata murya daga wajen ƙafafun ta ce, "Ɗan nan, ka kuwa tambayi sunana?" Ba ta sake tambaya ba.

Mai gidan hoton ba ya nan, sai na'urarsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle a kai. Na cusa kaina cikin ƙyallen. Na hango Yaya can nesa, ɗan ƙarami, kansa a ƙasa ƙafafunsa a sama, kamar wanda ake leƙawa a ƙasan rijiya. Yana ɗaga mini hannu. Ban gane ko kira na yake yi ko sallama ba. Na laluba in matso da shi, hannuna ya faɗa cikin ruwan kumfa mai sanyi.

Da na fito da kaina, sai kawai ga ni a tsakar gidan Yaya. Asabe tana zaune kan tabarma da faifai a cinyarta, tana bakace. Ba shinkafa ce a faifan ba, hotunana ne, ƙanana kamar ƙwayar hatsi. Takan tsinci ɗaya, ta kai kusa da ido, ta ce, "Hula," ta ajiye gefe. Ta tsinci wani, ta ce, "Hula." Na ce, "Sannu da aiki." Wannan karon muryata ta fito. Ba ta dube ni ba. Tulin da ke gefenta ya kai tsayin turmi.

Sai na ji sallama. Yaya ne a bakin zaure, sanye da shuɗiyar rigarsa ta Juma'a da tsohuwar hularsa. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana gyara hulunan mutane, tasa guda ce, ta koɗe a goshi. Ya tsaya daidai inda haske yake da kyau, babu wanda ya nuna masa. Ya miƙe tsaye, ya manna hannuwa a jikinsa kamar ɗan makaranta a layin safe. Ya ce, "To, ɗauki."

Na ɗaga waya. Ga fuskarsa nan a ciki, cikakkiya, har da ɗan tabon da ke gefen girarsa. Na danna. Wayar ta rubuta cewa wuri ya cika, dole sai na goge wani abu tukuna.

A nan ne wurin da ya fi yi mini nauyi, kuma na yi niyyar tsallake shi, amma in na tsallake ba amfanin tambayar. Na buɗe ma'ajiyar hotuna, yatsana ya sauka kan hotona na taken "Jeri", wanda Malam Bashir ya sa a fuskar zauren nan wata guda cur. Dannawa ɗaya ce ta rage. Na tsaya. Wallahi na tsaya. Na ce a raina bari in nemi wanda bai kai shi kyau ba. Na shiga ja, ina ja, ina wuce hoto bayan hoto, kowanne in ga yana da nasa kyau. Yaya yana tsaye yana jira. Murmushinsa ya fara gajiya, irin na wanda aka ce wa ya yi murmushi aka bar shi a haka. Ya gyara tsayuwa. Ya gyara hula. Ni ina ta ja.

Sai aka fara kiran Magariba. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, "Haske ya tafi, Nura. Bari sai gobe."

Maganata ce wannan. Sau biyu ko uku a rayuwarsa ya taɓa ce mini, cikin wasa, "Yau kam ɗauke ni, na yi aski." Ni kuma lokacin na riga na samu hoton ranar, ina sauri in turo, sai in ce masa, "Haske ya tafi, Yaya, bari sai gobe." A mafarkin bai faɗe ta da gatse ba. Ya faɗe ta ne kamar mai lallashina. Ya juya ya shiga zaure, na ji ƙarar takalminsa, sannan ban ƙara ji ba.

Na farka rana ta fito, injin markaɗen maƙwabta yana ta ƙara, babban yatsana yana motsi a kan katifa shi kaɗai. Na tofa a hagu, na yi addu'a. Na kasa karyawa.

'Yan'uwa, wanda Allah ya ba sani a cikinku ya taimake ni. Ba neman a ce mini "ba komai" nake yi ba, an faɗa mini da yawa. Na san ko da na ɗauki kiran Malam Sale na farko ba abin da zan iya canzawa, lokacinsa ne ya yi. Ba wannan nake tambaya ba.

Abin da nake tambaya shi ne: wanda na gani Yaya ne, ko zuciyata ce kawai take tuhumata? In shi ne, matsawar da yake ta yi yana nuna mini laifina ne, ko yana nuna mini bai riƙe ni da komai ba? Mutanen da ke kan bencin fa, ina da haƙƙinsu a kaina? Ban taɓa neman izinin tsohuwar nan ba, ƙafafunta kawai na ɗauka na wuce. Sannan tsayawar da na yi. Mutum yana iya yin abu a mafarki wanda ba halinsa ba ne? Ko kuwa abin da ke cikinsa ne yake fitowa? Wannan nake so a gaya mini gaskiya a kai, ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Kuma "sai gobe" da ya ce, wace goben?

Malam Bashir, ka yi haƙuri na saɓa ƙa'idar zaure da dogon rubutu. In ka ga bai dace ba ka goge, ba zan ji haushi ba.

Shekaranjiya na je gaishe da Asabe. Ummi tana barci a cinyarta. Da zan tafi ta ce, "Maganar nan, ba gaggawa, in ka samu lokaci." Na ce mata ina kan dubawa. Na gama dubawa tun kwana na huɗu da rasuwar. Har yau ban faɗa mata ba.